Wadda Aka Fara Ce wa Sion

Tun a tashar motar Puerto Plata ran Doña Eufemia, tsohuwar malamar makaranta, ya ɓaci. Da sassafe ta taso daga Santiago don ta ga jikarta Yarisa, 'yar 'yarta mai shekara shida, wadda aka haifa a Jamus, ba a kuma taɓa kawo ta gida ba sai bana. Yarinyar ta miƙa mata hannu kamar sun haɗu a banki, sannan ta juya ta ja siket ɗin ɗaya kakar, Casilda, uwar ubanta, mai soya kifi a bakin teku.

"Sion, ƙishirwa."

Sion. Da wannan kalma kowane ɗan ƙasar nan yake buɗe baki a gaban manya. Roƙon albarka ne a gajarce, babba kuma ya amsa. Tun da yarinyar ta fara magana Eufemia take jiran kalmar a waya, ba ta samu ba. Ga shi kwana huɗu kacal a gidan Casilda, ana ta zuba mata ita kamar an kunna famfo.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yar lele," in ji Casilda, ta sa aka sare mata kwakwa. "Malama, kin rame. Littafi ake ci a Santiago?"

"Ke kuwa man suya ya karɓe ki. Har kin fi bara faɗi."

Iyayen suka tafi wanka a teku, suka bar wa tsofaffin su kai ta ganuwar San Felipe. Eufemia ta kwana tana shirya abin da za ta faɗa a kan Sifaniyawan da suka gina wurin, da mutanen da aka ɗaure a ciki. Amma Sifaniyancin yarinyar guntu-guntu ne, kuma guntayen duk gefe ɗaya suke faɗawa. Sion, dubi igwa. Sion, ga jirgi. Casilda tana amsawa da albarka, tana satar kallon Malama. Masu cewa kishi yana tsufa tare da mai shi ba su taɓa raba jika da wata ba.

A bakin wata gajeriyar ƙofa, mai yi wa baƙi bayani yana cewa da gangan aka rage mata tsawo, don abokin gaba ya sunkuya a sare masa wuya. Shekara talatin Eufemia tana kawo ɗalibai suna jin wannan, ba ta taɓa yarda ba. A ganinta dutse ne ya yi wa magina tsada.

Casilda ta auna ƙofar da ido, ta auna kanta. "Ni da gwiwar nan? Ku shiga, ina nan ina gadin igwa."

Ciki da sanyi da warin gishiri. Ban da gaisuwar tasha, karon farko ke nan hannun yarinyar ya shiga na Eufemia, shi ma duhu ne ya kawo shi.

"Me ya sa Sion ba ta shigo ba?"

Eufemia ta tsaya. "Wa?"

"Sion. Kakata mai kifi."

"Sunanta ke nan?"

"Kowa haka yake kiranta. Har Baba."

Sai da ta dafa bango don kada dariya ta kayar da ita. Ashe suna ne. Kwana huɗu ana kiran Casilda da suna, ita kuwa tana ta rabon albarkar da ba a roƙa ba. Kuma ta sani, ta rantse a ranta Casilda ta sani.

Tana iya yin shiru ta koma Santiago da wannan daɗin. Amma ba shi ta zo nema ba. Ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara.

"Ba suna ba ne, uwata. Roƙo ne. Kina cewa babba ya sa miki albarka."

"Kamar kyauta?"

"Kamar kyauta. Amma sai an roƙa."

Yarisa ta yi ɗan tunani. "Sion, Kaka."

Eufemia ta ɗora mata hannu a ka. "Allah Ya yi miki albarka, Ya raya ki." Ta fari ke nan ta gaskiya, kuma ita ta samu. Ta so a ce bangon nan yana da bakin ba da shaida.

Yarinyar ta zame hannunta, ta fice a guje, ko sunkuyawa ba ta yi ba. Kafin Eufemia ta gama miƙewa ta lanƙwashe ta bi ta ƙofar, ta jiyo ta a waje.

"Sion, Sion!"

Ta fito ta tarar da ita a cinyar Casilda, fuska cikin wuyanta.

"Wai kin yi mata darasi, Malama," in ji Casilda. "Kin kyauta. Ta ce ɗaya roƙo, ɗaya sunana."

Eufemia ta kakkaɓe ƙurar gwiwarta, ta daɗe tana kakkaɓewa.

"Ni kuma me za ki riƙa kirana?"

Yarisa ta ɗago, ta dube ta da kyau.

"Malama," ta ce.