Ruwan da Manzo Ya Hana

A Adar ana iya hana mutum hatsi, a hana shi aron jaki, duniya ta yi shiru. Ruwa kam ba a hanawa. To, ga Manzo, Allah ya haɗa shi da aikin da ba komai cikinsa sai hana ruwa.

Gadi yake yi a tashar tace ruwan masai, can bayan garin Tawa. Motoci su kwaso ƙazantar gari su juye a tafki na farko, ta kwanta, ta gangara na biyu, rana ta gasa ta, kafin ta kai na ƙarshe ta zama ruwan da ba ya cutar da ƙasa. An shimfiɗe gindin kowane tafki da baƙar leda mai kauri, don kada dauɗar ta nutse ta iske rijiyoyin unguwar da ke gangare.

Bazarar bana ta yi tsanani har tafki na biyu da na ƙarshe suka ƙafe. Saura na farkon, kore shar, mai ɗoyi. Rannan da azahar sai ga Kawu Almustafa daga ƙauyen Afala, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Yana kore da shanu, ko kuwa a ce ƙasusuwan shanu. Sun ji ƙanshin laima, suna ta tura wayar shingen tashar da ƙirji.

"Manzo, buɗe muna ƙohwa," in ji tsohon. "Rijiyarmu ta ƙahe. Tun jiya ba su sha ba."

"Kawu, ruwan ga ba na sha ba na. Kashin gari na."

"Saniya ta san wanga? Bari su jiƙa maƙoshi mu wuce."

Manzo ya dubi ƙofatansu. Ya san in suka faɗa ciki sai sun keta ledar, kuma abin da ya nutse ƙasa ba mai tsamo shi. Yaran gangare za su sha a randa. Ya kawo jarkar shansa, ya ce zai hau babur ya nemo mai tankin ruwa. Tsohon ko kallon jarkar bai yi ba.

"Ni kaka hana ma ruwa? Ni?"

Manzo ya riƙe makulli a aljihu. Wallahi ya so ya buɗe. Bai buɗe ba.

Kafin ya dawo da mai tanki sun tafi. A bakin hanya ya tarar da wata jar saniya ta Kawu kwance, ungulaye sun fara sauka.

Unguwar gangare ta ci gaba da jan ruwanta mai daɗi, ba wanda ya san an yi wani abu, balle ya ce sannu.

Bayan Sallah Manzo ya shirya ya tafi Afala ban haƙuri, tare da abokin aikinsa Nura. Aka shimfiɗa musu tabarma. Kawu ya amsa gaisuwa a taƙaice, idonsa na kan tasbaha. Inna Zaliha, matar da ta yi wa Manzo wanka yana ƙarami, ta fito da kwanon ruwan sanyi, ta durƙusa ta miƙa wa Nura. Ya sha, ya juya zai ba Manzo, sai ta sa hannu ta karɓe.

"Wancan ba shi jin ƙishirwa," ta ce, ta koma ciki da kwanon.