Jakar Roba a Hannun Maƙeri

Shekara guda bayan samun 'yancin kai, Mutari maƙeri yana zaune a unguwar Nyohini da 'yarsa Safiatu mai shekara tara. Asibitin da ke kusa da su yana da likita ɗaya, da nas mai suna Ajara, da tulun iskar oksijin. Ba su da injin da ke yi wa mara lafiya numfashi, sai wata jakar roba da ake matsawa da hannu.

Ran wata Laraba da safe, wani sa ya tsinke wa mahauta igiya. Safiatu tana ɗauke da koko za ta kai maƙera, sai san ya yi kanta. Ƙahon ya shige ta ƙasan hammatarta, san ya ɗaga ta sama ya maka ta da bango. Mutari ya sungume ta ya nufi asibiti a guje. Duk jan numfashin da ta yi, jini sai ya yi kumfa a bakin raunin.

Likita ya ce sai an buɗe ƙirjin. Aka sa mata maganin barci, aka zura bututu a maƙogwaronta, aka haɗa shi da jakar robar. Ajara ce za ta riƙe haƙarƙarin a buɗe, don haka babu mai matsa jakar.

Ta ce, "Baba Mutari, ba kai ke zuga wuta ba? Wanke hannu. Muddin muna aiki, kai ne numfashinta."

Ya kama jakar yadda ya saba kama zugazugi, da ƙarfi, da sauri. Huhun yarinyar ya kumbura ya turo tsakanin ƙasusuwa. Ɗinkin farko ya fashe, jini ya feshe wa likita fuska. Ajara ta kai wa Mutari gwiwar hannu a kafaɗa.

"Ba garma kake ƙerawa ba. Za ka yaga ta."

"To yaya zan yi, 'yata?"

"Matsa a hankali, ka saki. Ka ce Subhanallahi sau uku, sannan ka sake."

Haka ya yi har awa uku, yana kallon ana ɗinke naman 'yarsa. Yatsunsa suka sandare, bai tsaya ba. Da aka rufe ƙirjin, likita ya ce ya saki jakar. Safiatu ta yi tari, sannan ta ja numfashi da kanta.

Washegari ta ga babanta a gefen gado, ya kasa riƙe cokali, kokon yana zuba a rigarsa. Ajara ta gaya mata dalili. Safiatu ta fahimci cewa tsawon awa uku ba ita ke numfashi ba, hannun babanta ne ya yi mata.