Mai Zane Irin Nawa

Ban taɓa ganin ubana ba. Ina ciki Faransawa suka kama shi a wani ƙauyen Mangawa can ƙasar Gure, suka sa masa kaki, suka tafi da shi yaƙin Hitila. Sunansa Umara. Bayan an yi suna, wanzami ya tsaga mini zanen gidanmu a kumatu, mahaifiyata Inna Mairam ta goyo ni ta tsallako iyaka zuwa Haɗeja wurin kawunta. A nan ta kama bandar kifi, da hayaƙin nan ta raine ni har na zama ma'aikacin ban-ruwa.

Malamai sun sha gaya mata cewa shari'a ta ba ta dama ta yi takaba ta yi aure, tunda miji ya ɓace shekara da shekaru. Ta ƙi. Ita dai sai ta ji daga bakin wanda ya gani da ido. Haka ta zauna, ba matar aure ba, ba bazawara ba, har furfura ta cim mata.

Shekarar da kuɗin fetur suka fara ɗaukar kowa da kowa zuwa Turai, har da irinmu masu kaushi a ƙafa, ofis ya tura ni Faransa koyon sababbin injinan ban-ruwa. Ranar da zan tafi Inna tana juya kifi a kan waya, ba ta ko dube ni ba ta ce, "In ka je ka tambaya." A ganinta Faransa kamar kasuwar Birniwa ce, ka tsaya wurin mai goro a nuna maka gidan mutum. Na ce to.

Aka sauke mu a wani tsohon otal a wani ƙaramin gari na bakin kogi. Matakalar katako tana kuka in ka taka, ɗakin yana warin tsohuwar darduma. A bangon tsakar gidan akwai ramukan harsashi da aka bari da gangan, baƙi suna tsayawa gabansu a ɗauke su hoto. Tafintanmu ya ce lokacin yaƙi asibitin sojoji ne, daga baya Jamusawa suka ƙwace shi. Na ji, na wuce na nemi shayi. Gaskiya ban yi niyyar tambayar kowa komai ba.

Mai otal ɗin wata dattijuwa ce da kowa ke kira Madam. Kullum in ta kawo mana burodi da safe sai ta tsare ni da ido, har na fara shafa gemu ko wani abu ya maƙale. Ran nan ta ajiye tiren, ta kira tafinta, ta nuna kumatuna da yatsa.

Ya ce, "Wai ta taɓa ganin wannan zanen."

Ta ja mu tsakar gida. Tana magana yana juya mini. Tana budurwa, otal ɗin na mahaifinta ne. Da Jamusawa suka shigo sai suka ware baƙaƙen sojoji daga farare, suka jera su jikin bangon nan suka harbe. Ita da uwarta suka wanke musu fuska kafin a binne su a rami ɗaya bayan lambun. Ɗaya daga cikinsu dogo ne, yana da layi-layi a kumatu irin nawa sak. Ta ce ƙasa ta shiga cikin tsagar, sai da ta sa bakin tsumma ta bi kowane layi.

Na tambayi sunansa. Ba ta sani ba.

Ta fashe da kuka, ta riƙe hannuna. Ni kuwa na tsaya ƙiƙam ina jiran wani abu ya motsa a ƙirjina, bai motsa ba. Abin da nake tunani kawai shi ne magudanar lambun ta toshe, ya kamata a yashe ta. Na je bayan lambun na yi fatiha saboda ya dace a yi, na koma aji.

Abin da Madam ba ta sani ba, zanen nan ba na mutum ɗaya ba ne. Ka shiga kasuwar Haɗeja ranar Lahadi, kafin ka kai rumfar masu kifi ka ga irinsa har ka gaji. Mangawan da Faransa ta kwasa kuma Allah kaɗai ya san yawansu.

Na dawo ruwa ya fara janyewa daga fadama. Na kawo wa Inna bargo da turare, ta sa albarka ta ture su gefe. Ba ta kiran sunana tunda ni ne ɗan fari, sai ta ce, "Kai, ka tambaya?"

Na gaya mata duka, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce, "Amma Inna, wannan ba shaida ba ce. Zai iya zama kowa."

"Matar ta gani da idonta?"

"Ta gani."

"Ta taɓa shi da hannunta?"

"Ta taɓa. Sai dai ba ta san ko wane ne ba."

Ta gyara itacen murhu. Can ta ce, "Ni ce zan fi kowa sanin haka. Ko kawunka da ya rasu bara zanensa ke nan."

Na ɗauka magana ta ƙare, na miƙe zan fita. Sai na ga ta kai hannu kunne ta zare ɗan kunnen azurfarta, ta zare ɗayan, ta ajiye a bakin tabarma. Ta jawo buta ta fara wanke kwallin idonta.

Na ce, "Inna, in ba shi ba ne fa?"

Ta ce, "In ba shi ba ne, wancan ɗin ma ba wadda ta yi masa takaba. Je ka gaya wa liman."