Zarto a Kan Gadon 'Yan Biyu

"Ishaya! Zo da sauri, Marvel ba ta motsi!"

Janet ta fizge filon daga fuskar jaririyar ta yi jifa da shi. Ta sunkuce ta, ta kifa ta a kafaɗa, tana bubbuga bayanta tana kiran sunan Yesu. Mijinta ya faɗo ɗakin da kumfar wanki a hannu. Can sai yarinyar ta ja numfashi ta tsala ihu. Ɗan'uwanta Israel, da ke kwance a gadon, ya amsa da nasa.

Ranar Lahadi ce, dawowarsu ke nan daga coci, aka kwantar da tagwayen barcin rana. Gadon fari ne, dogo, mai sanduna kewaye. Madam ɗin da Ishaya ke tuƙawa a Maitama ce ta sa aka ɗora masa shi a mota da ta ji an haifa masa biyu. Ya cinye rabin ɗakinsu na Jikwoyi, kuma a cikinsa yaran suke kwana tare tun ranar suna.

Yanzu Israel ya fara birgima. Nas ta riga ta faɗa wa Janet cewa da zarar ɗaya ya soma juyi a raba musu makwanci, kada kuma a sa filo. Amma Mama Magdalena, uwar Ishaya, wadda ta zo daga Paikon Kore taya reno, ta ƙi a raba su. Sai ta gitta filo a tsakaninsu. Shi ne yaron ya shura, filon ya faɗa kan fuskar 'yar'uwarsa.

"Mama, ai na ce a cire filon nan," in ji Janet.

Tsohuwar ta amsa a hankali daga bakin ƙofa. "Katanga na yi musu, 'yata. Don kada ya danne ta."

"To daga yau Israel zai koma katifa a ƙasa, Marvel ta zauna a gado."

"Ba ina raye ba." Muryarta ta dawo da ƙarfinta. "Ɗaya a gadon manya, ɗaya a ƙasa kamar ɗan akuya? 'Yan biyu ba a yi wa ɗaya a bar ɗaya. Ko hula ce, biyu ake saya, kala ɗaya. Suna gani. Wanda aka ware ya yi fushi, ya koma inda ya fito."

"Haba Mama," in ji Ishaya, "ko zama ba su iya ba. Me suka sani?"

"Kai me ka sani? Don kana tuƙa oga shi ke nan ka zama likita?"

"To a sauko da su ƙasa dukansu," in ji Ishaya.

"Da daminar nan?" Janet ta ce. "Ka manta ruwa ta ƙarƙashin ƙofa yake shigo mana?"

Ta zauna ta ba Marvel nono. Ita dai ba ta yarda jariri na fushi ya mutu ba. Amma kuma ta san in ta sumbaci ɗaya, ƙafarta da kanta take kai ta wurin ɗayan. Ta dubi surukarta, ta ga idonta na kan ƙirjin yarinyar, tana bin hawansa da saukarsa. Ashe abu ɗaya suke tsoro su biyun: a wayi gari da yaro guda. Nas ta ce kada su haɗa makwanci, Mama ta ce kada a fifita ɗaya. Janet ta juya maganganun a ranta, ta ga babu inda suka yi karo. Gadon ne kawai ya zo guda.

Ta ƙare masa kallo daga kai zuwa ƙafa.

"Baban biyu, kira mini Kure kafinta. Ka ce ya zo da zarto."

"Gadon Madam za a yanka?"

"Madam ce ke kwana a ciki?"

Kure ya zo yana sakace. Ya shafa katakon, ya yi fito. "Maman biyu, irin wannan ko a Maitama sai an tona. Kin tabbata?"

"Yanka."

Aka fitar da gadon tsakar gida. Mama Magdalena ta kwance ɗankwalinta ta auna tsawonsa, ta ninka biyu, ta dafa yatsa a tsakiya. "Nan. In ka karkace ko da ƙwayar gero, kai za ka kwana da fushinsu."

"Mama, ni da nake da mata a gida, wane fushi ne ban gani ba?"

Kafin la'asar ta yi sanyi ya ƙara ƙafafu, ya toshe bakunan da sababbin sanduna, ya raba katifar daidai. Aka mayar da ƙananan gadajen biyu ɗaki, aka jera su kafaɗa da kafaɗa. Janet ta kwantar da kowa rigingine, babu filo, babu bargo. Israel ya yi birgimarsa ya tsaya a jikin sanda. Marvel ko gezau.

Tsohuwar ta sunkuya ta kasa kunne. "Suna jin numfashin juna," ta ce a hankali. "Ya isa."

Janet ta san nan da 'yan watanni ƙafafunsu za su taɓa ƙarshen katakon, a sake sabon tunani. Amma yau za ta rufe ido.

Ana cikin share garin katako sai ga ƙahon mota a bakin lungu. Wani mutum cikin farin kaftani, wanda babu wanda ya taɓa gani, ya tsallako kwata yana duba ƙofofi.

"Nan ne gidan Ishaya direba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Sunana Alexander. Ƙanwar Madam ce ta aiko ni, ta haihu jiya. Gadon da aka ba ku aro nata ne, daga waje ta sayo shi. Ta ce kada in koma sai da shi."

Idonsa ya sauka kan zarton da ke hannun Kure. Janet ta ajiye tsintsiya, ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin.