Mota Ba Ta Ƙarya

Mijin yayata, Garrett, ya ce shi daga cikin motarsa yake gane ribar kanti, ba sai ya taka ƙafa ciki ba. A teburin Mama ya faɗa, ranar Lahadi, bakinsa cike da dankalin da ba shi ya kawo ba. Ya ce attajiran New York har tauraron ɗan Adam suke haya ya ƙirga musu motocin da ke gaban kantuna, shi kuwa ido biyu da filas ɗin kofi sun ishe shi.

"Mota ba ta ƙarya, Mama," in ji shi. "Jarida ta yi ƙarya, manaja ya yi ƙarya. Amma ba wanda zai ƙona mai ya zo ya ajiye mota don sha'awar kwalta."

Mama ta gyaɗa kai. Duk wanda ya sa kwat, Mama za ta gyaɗa masa kai.

Kantin da yake magana a kai, Ostrander, nan nake aiki shekara shida. Ni ce mai canja takardun farashi a jikin kantoci. A aji sha ɗaya na bar makaranta, lokacin da huhun Baba ya fara cin amanarsa. Sauran karatuna a ɗakin karatun gari na yi shi, kyauta, kusa da bututun ɗumi. Garrett yana da takardar shaida a bango. Ta kwas ɗin mako shida ce a intanet, amma gilashin da ya saka ta ciki mai tsada ne.

Da Baba ya rasu, masana'antar ƙarfen da ya yi wa aiki ta ba Mama dala dubu tamanin. Rabi Garrett ya zuba mata a hannun jarin Ostrander. Ba a yi wata biyu ba wasu 'yan kasuwa, Tullo, suka buɗe a tsallaken titi, kanti kamar sito, kaya a kwalayensu, ba kiɗa, ba mai ce maka sannu da zuwa. Sai aka shiga yaƙin farashi. Su sauke ƙwai, mu sauke ƙwai. Su rage wa madara santi goma, a kira ni da sassafe in rage sha ɗaya. Akwai makon da na canja takardar burodi sau huɗu, har burodin ya fara tausaya min. Dubu arba'in ɗin Mama ta koma ashirin da shida. Ni kuma aka cire min aikin Asabar da Laraba, don ragin da ake yi wa ƙwai daga jikin wani ake yankowa.

Yanzu ɗaya rabin yake so. Shi ke nan abin da ya rage wa Mama a duniya, ga rufin gida yana zuba a kan injin wanki.

"Ai kaya in ya yi araha ake kwasa," in ji shi. "Ko ba haka ba, ƙanwata? Ke ce sarauniyar rangwame."

"Ranka ya daɗe, ƙwan da muke sayarwa dala ɗaya da santi tara, dala ɗaya da arba'in muke saro shi."

"To fa! Mai manna takarda ta zama mai ba gwamna shawara." Ya yi dariya yana kallon Mama. "Dabara ce, Renata. Da ƙwai ake jawo mutum, in ya shigo ya cika keke."

"Ƙwan yake ɗauka ya fita."

"Renata," in ji Mama, "a bar babba ya gama magana."

Shekara uku ya ba ni. Matarsa, Yaya Colleen, tana ta yayyanka namanta ƙanana kamar mage za ta ba.

Ya fito da littafinsa mai bangon fata. Kowace Asabar ƙarfe sha ɗaya yana filin ajiye motocinmu yana ƙirga. Ɗari da tamanin, ɗari biyu da biyar, ɗari biyu da talatin. Tun da Tullo suka buɗe lambar hawa take yi. Gaskiya abin ya ɗaure min kai, don ranakun da nake aiki in ka yi tari a layin gwangwanaye sai mai nama ya ce maka sannu. Amma Asabar ba na nan, kuma a gidanmu maganar da ba ta sa kwat ba a tsaye take cin abinci.

Aka tsayar da cewa Asabar zai kai Mama ta gani da idonta, sannan ta rubuta cek.

Na bi su ba tare da an gayyace ni ba. Mama a gaba da jaka a cinya, ni a baya tare da sandunan golf ɗinsa waɗanda ba su taɓa ganin ciyawa ba. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Fili kuwa cike, ba masaka tsinke. Ya riƙa zagayawa a hankali yana latsa ɗan abin ƙirgensa, ƙit, ƙit, ƙit, fuska a haɗe kamar likita yana jin bugun zuciya.

"Ɗari biyu da arba'in da huɗu." Ya tsaya, ya kashe mota. "Mama, tarihi kike kallo."

Mama ta buɗe jaka. Ta rubuta, ta sa hannu da irin rubutun nan nata na 'yar makarantar coci, ta yage, ta ɗora a gaban gilashi. Sunan Baba har yanzu yana saman cek ɗin, ba ta yarda an cire ba.

Ni tagar baya nake kallo. A gefen filin akwai shingen shuke-shuke, a tsakiyarsa an tattake dusar ƙanƙara har ta zama hanya, baƙa ƙirin. Wata tsohuwa ta fito daga motarta, ta juya wa ƙofar kantinmu baya, ta bi hanyar, ta tsallaka titi. Wani mai hular farauta ya bi ta. Sai mata biyu da jakunkuna a naɗe.

"Farfesa," na ce, "a kwas ɗin an koya muku duba inda masu motar suke zuwa?"

"Motoci nake ƙirgawa, ba ƙafafu ba."

"To ga ƙafafun can."

Mama ta juya. Muka bi su da kallo. Masu tsallakawa ba su yanke ba, masu dawowa ma haka, kowa ya rungumo jaka ruwan ɗorawa mai tambarin Tullo. Ƙofar Ostrander ta buɗe sau ɗaya, mai shara ne ya fito shan taba.

"Mutum biyu uku ba hujja ba ne," in ji Garrett. "A kimiyyance..."

Aka ƙwanƙwasa gilashinsa. Yaya Colleen ce, hancinta ja saboda sanyi, jaka huɗu a hannu, duk ruwan ɗorawa.

Ya sauke gilashi. "Me kike yi a nan?"

"Cefane. Kuɗin da kake ba ni ba ya kai mako a Ostrander."

Mama ta miƙa hannu a hankali ta ɗauke cek ɗin, ta ninke shi huɗu. Na ɗauka shi za ta kalla. Ni ta juyo ta kalla.

"Ke kuma kina aiki a nan, ba ki taɓa buɗe baki ba."

Na mai da ido kan titi. Dubu sha huɗun da ta tafi dai ba za ta dawo ba.

"Colleen," in ji Garrett, muryarsa ta sirance, "in can kike zuwa, me ya kawo motarki filin nan?"

"Filin Tullo mota arba'in yake ɗauka, kowa nan yake ajiyewa." Ta gyara riƙon jakunkunan. "Wata bakwai ke nan duk Asabar ina ɗaga maka hannu, kai kuma, ƙit, kana ƙirga ni."