Tayil Takwas na Baba Wahabu

Ƙas! Tayil na biyu ya dare a ƙarƙashin ƙarfen Isa, sai muryar tsoho Baba Wahabu ta taso daga cikin ɗaki ta kafar rufin.

"Ka hwasa wani ko?"

Isa ya dubi tsagar, gumi na bin gemunsa. Shekara ashirin yana kafinta a Talata Mafara, ya buga kwano har Bakura da Maradun, amma yau ga shi tsugune a kan ɗakin maƙwabcinsa kamar sabon shiga. Duk unguwar babu mai irin wannan rufi sai Baba Wahabu: jan tayil na gasasshen yumɓu, kowane ya ciji ɗan'uwansa ta gefe. Tun yana magini a gidajen ma'aikatan dam ya sayo ragowarsu ya rufa ɗakinsa da hannunsa, kuma shekara arba'in bai bar ƙafar kowa ta taka ba.

Yanzu wata biyu ke nan tsohon yana kwance, asibiti sun ce a mai da shi gida a bi shi da addu'a. Sai ga tayil ɗaya ya tsage daidai kan gadonsa, ruwan shekaranjiya ya jiƙe masa bargo sharkaf, ɗakin kuma ba shi da faɗin da za a ja gado. Ɗansa Kamilu ya bugo waya daga Gusau ya yanke magana: in ya zo yau ya tarar ana tara roba a kan gado saboda yoyo, zai ɗauke mahaifinsa a mota, a yaye tayil a buga kwano. Shi kuwa Baba Wahabu buri ɗaya ya rage masa a duniya, ya cika a ɗakinsa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

"Baba, a yi haƙuri," in ji Isa. "Na ɗan danna na, sai yad dare."

"Ka danna! Ƙusa ta ka gani? Wanga ba kwano na ba, Isa. Lallashi shika so, kamar tsohuwa."

Daga ciki aka ji dariyar Ikilima, 'yar tsohon, wadda ta baro gidan mijinta a Damri ta zo jinya. Isa ya ji kunya ta rufe shi, amma tsoro ya fi kunyar yawa. An kira shi gyaran kafa ɗaya, ya mai da ita biyu, kuma duk garin babu inda ake sayar da irin wannan tayil.

"Ikilima, jawo buhun da ag ga ƙarƙashin gado," in ji tsohon.

Isa ya leƙa ta kafar ya ga ta kwance buhu. Tayil ne sababbi ful, jajaye, ko ruwa bai taɓa su ba. Ta ƙirga takwas, sai ta ɗago kai da sauri.

"Baba, ai waɗanga na kac ce kar kowa shi taɓa."

"Na kabarina na," tsohon ya ce da Isa, kamar mai zancen hatsi. "Daji ba ya shiguwa yanzu, itacen rufe kabari ya yi wuya. Na auna kaina, takwas ka rufe ni cif. Liman ma ya ce babu laihi. Miƙa mai biyu."

"To, ranar hwa?" in ji Ikilima.

"Gawa ba ta jin yoyo, ɗiyata. Ni da nika da rai ni ka ji."

Ta miƙo biyu ta tsani. Isa ya karɓa da hannu bibbiyu a hankali, don ya san in ya fasa waɗannan ba shi da bakin magana har abada. Tsohon ya shiga karanta masa aikin daga kwance, yana yi yana hutawa. Kada ya taka tsakiyar tayil, ya taka bakinsa inda katako ya tokare. Ya zura bakin ƙarfen cire ƙusa a ƙarƙashin na sama, ya ɗaga shi kaɗan, ya cusa guntun katako ya riƙe. Sa'an nan ya ɗaga fasasshen har haƙorinsa ya saki katakon da ya maƙale, ya jawo shi ƙasa a hankali.

"Ya hito, Baba!"

"To, tura sabon. Kak ka buga. In ya zamna za ka ji."

Isa ya tura, ya ɗan karkata shi har gefensa ya shige cikin kwarmin na kusa. Sai ya ji ƙyat, wata ƙara ƙarama ƙwarai. Kafin ya yi magana tsohon ya riga shi.

"Ya zamna. Na ji."

Na biyun bai ba shi wahala ba. Yana sauko da ƙafarsa daga tsani iska ta taso, motar Kamilu kuma ta tsaya a ƙofar gida tare da ɗigon farko. Ko gaisuwa bai gama ba ya wuce ɗakin mahaifinsa, ya tsaya yana kallon robar da ke kan gado. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har bayan la'asar, roba na nan a bushe ƙayau. Kamilu ya daɗe yana juya makullin mota a hannu, daga bisani ya jefa shi aljihu, ya zauna a bakin gado ya kama ƙafar tsohon yana matsawa.

Kwana huɗu Baba Wahabu ya ƙara. Ranar Laraba da hantsi, ana yayyafi, ya cika a kan gadonsa da kalmar shahada a bakinsa, idonsa na kan rufin. An yi kuka, amma kuka ne marar ɗaci, kowa na cewa Allah ya ba shi abin da ya roƙa.

Ana cikin ɗinkin likkafani masu haƙa suka aiko daga maƙabarta cewa tayil shida ba su kai ba, saura wajen ƙafafu. Wani ya ce a fasa tukunya, wani ya ce a nemo itace. Isa ya dubi Kamilu, Kamilu ya dubi rufin, ya gyaɗa kai.

Isa ya hau da ƙarfensa. Ya taka baki, bai taka tsakiya ba. Ya ɗaga, ya tokare, ya jawo, babu mai yi masa magana daga ƙasa. Tayil biyun suka fito lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya naɗe su a rawaninsa ya bi gawa da su, kuma da hannunsa ya jera su. Takwas suka rufe tsohon cif, kamar yadda ya auna.

Da aka dawo, ya ɗauko guntun kwano ya sake hawa don ya toshe kafar. Yayyafi ya ɗauke. Ya leƙa ya ga an naɗe katifa, Ikilima ta mai da robar nan ta ajiye a kan gado.

"Malam Isa, bar shi tukuna," ta ce daga ƙasa. "Ɗakin shi ɗan sha iska."

Ya ajiye kwanon a gefe ya zauna. Hasken rana ya sauka ta kafar, ya cika robar.