Faga Ba Goro Ba Ce

"To wa ya ce ki jiƙa ta?"

"Wa ya ce kar in jiƙa?" Adjara ta mayar wa mijinta, hannu a ƙugu. "Ka shigo da kwali, ka ce in adana, ka fice. Na adana."

Mas'udu ya tsuguna a kicin ɗinsu na unguwar Muntaza a Doha, ya kwance ledar. Tawul jiƙaƙƙe ya fara fitowa, sai wari ya biyo baya. Ya danna ɗaya da yatsa, yatsan ya nutse.

Faga ce. Haka Larabawan Doha ke kiranta. Kamar dankali take, amma ba ganye, ba saiwa. A ƙarƙashin yashi take fitowa, shekarar da aka yi ruwa da tsawa. Bana an yi. Shekaranjiya, bayan sallar asuba, Rashad abokin aikinsa ya ɗauke shi a mota suka yi arewa da gari. Ya koya masa neman inda ƙasa ta kumbura ta tsage. Da Mas'udu ya tono ta farko, ya yi tsalle kamar ɗan akuya, har Rashad ya zauna a ƙasa don dariya. Ashirin da uku ya samu, duk farare, irin da ake kira zubaidi.

Ba don bakinsa ya tono ba. Babansa na kwance a Zariya, wata biyu ke nan. Nama ya fi ƙarfin haƙoransa, wake ya ishe shi, likita kuma ya ce a nemi abin da zai gina jiki. Liatu, nas ɗin da ke zaune a ƙasan benensu, ta gaya masa faga na gina jiki kusan kamar nama, tana taimaka wa jini, ba ta da maiƙo, ga laushi idan ta dahu. Da ya ambaci abin da tsofaffin Larabawa ke faɗa, wai ruwanta na gyara ido, ta ce ya bar idon Baba ga likita, shi dai ya kai a ci. Ranar Juma'a jirgin Mas'udu zai tashi zuwa gida. Yau Talata.

Adjara kuwa 'yar Zangon Kumasi ce, cikin huhun goro ta girma. A gidansu duk abin da ake ji da shi, nannaɗe shi ake yi a yayyafa masa ruwa. Ta ce kakanta ya kai goro har Kano bai bushe ba. Mas'udu ya ce ai shi ya sa, Hausarku ma a jiƙe take, namiji ku ce ta, mace ku ce ya. Ta ce ya gode Allah da Hausar ta yarda ta aure shi.

Bai yi dariya ba. Ya kira Rashad. Rashad ya yi salati, ya ce ruwa ne abokin gabarta. Ba a wanke ta sai za a sa a tukunya. Burushi busasshe ake sa a kakkaɓe yashin, a naɗe kowacce a takarda, a sa a firji, a canza takardar kullum. Ko haka ma mako guda ne iyakarta. Wadda ta sha ruwa kuwa, khalas, shi ke nan, ba za ta kai Juma'a ba.

Mas'udu ya ajiye waya. Ya zuba wa kwalin ido.

Adjara ce ta janye shi. Ta juye a faranti, tana ɗauka ɗaya-ɗaya, tana shinshinawa, tana latsawa, yadda ta ga ana tsince goro mai tsutsa. Waɗanda suka narke ta zuba a shara. Tara suka tsira, masu tauri.

"Maigida, naman layya a firji kakanninmu suka ajiye shi?"

Ya ɗago kai.

"Kawo wuƙa. Kawo zare da allura. Yalla, maza."

Ya sake kiran Rashad, yana tuntuɓe da kalmomi. Rashad ya ce ƙwarai, kakarsa ma haka take yi, ta yanka ta shanya, ta ci har rani. Mas'udu ya jefar da wayar kan kujera, ya shiga feraya. Da gaggawa yake yi. Adjara ta ce a haka rabin zai tafi da ɓawo, ta karɓe wuƙar, ta ba shi allura. Tana yankawa siri-siri, yana shiryawa a zare. Ya soki yatsa sau biyu, bai ji ba. Kafin azahar baranda ta cika da layuka, daga ƙusa zuwa ƙusa, suna lilo a iska. Ya fito da fanka ya saita mata. Ya tsaya gadi da tsintsiya saboda tattabaru.

Guntayen da suka ƙi zare ta soya da albasa da ɗan man shanu. Ya kai loma. Ya ƙara. Kamar ƙoda, kamar naman kaza, kuma ba ko ɗaya ba. Harshe kawai ya murƙushe ta. Ya ce wallahi Baba zai ci wannan, a daka a zuba a miyar kuka, ko a fate. Ya ce zai ci har ya nemi ƙari. Adjara ta ce to a bar mata ko cokali ɗaya, ladan ɓarnar da ta yi.

Da baki cike ya kira Zalihatu ƙanwarsa, mai jinyar Baba, ta bidiyo, yana so ya nuna mata barandar. Ta kalla, ta ce masha Allah. Ya tambayi jikin Baba. Ta ce da sauƙi. Ya sake tambaya. Ta ce tun jiya ko kunu bai karɓa ba, ruwa ma sai da cokali.

Mas'udu ya fita baranda. Ya kai hannu ya taɓa ɗaya da ke kan zare. Da danshi, tana manne wa yatsa. Adjara ta zo ta tsaya a bayansa da farantin a hannu.

"Kwana uku," in ji shi, bai juyo ba. "Zai jira?"